Gobe Zan Koma Gida

A ƙasarmu ta Nasarawa Burkullu da Bukkuyum da Gummi da Anka, tafiya ba baƙon abu ba ce. Tun muna yara mun saba gani, da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai samari su ɗaure ƙunshinsu su tafi cin rani. Waɗansu su tsaya Gusau, waɗansu su gangara Kurmi, waɗansu har Ikko. Da hadari ya soma haɗuwa a gabas kuwa, sai ga su sun komo da ɗan kuɗi da turmin atamfa, kowa ya ɗauki hauyarsa. Ba mai tambayar ɗan cin rani ranar komowarsa, gama damina ce mai kiran kowa gida.

Yanzu abin ya sake. Tun da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gonakin da ke nesa da gari, damina ba ta kira kamar dā. A shekara ta 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetare iyaka suka shiga ƙasar Maraɗi. Samari kuma waɗansu sun bi ta Agadas zuwa Libiya, waɗansu sun nufi Gana. Mai fita yau bai san ranar da zai komo ba. Saboda haka ina so mu yi tunani tare, ya mai karatu, a kan tambaya guda. Mutumin da ya je wata ƙasa, ya kamata ya zauna kamar mai tashi gobe, ko kuwa kamar wanda ya zo zama?

Kada ka ga kamar tambayar malamai ce. A kan amsarta ne mutum zai koyi harshen mutanen wurin ko ya ƙi, ya nemi takarda ko ya bari, ya gaya wa iyalinsa gaskiya ko ya yi ta ja musu rai.

Bari mu fara da kalmar zango. A bakin kakanninmu zango wuri ne inda ayari ya ke sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana, da asuba madugu ya ce a ɗaura. Gummi nan kusa da mu tana ɗaya daga cikin garuruwan fataken goro na dā, gama a nan ne Kambarin Barebari suka yi zamansu kafin da yawa daga cikinsu su bazu zuwa Kano da sauran wurare. Su kan yi watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka warwatsu, waɗansu Kete-Karaci, daga baya kuma da yawa suka taru a Kumasi. Je ka Gana yau ka gani. Kusan kowane babban gari yana da unguwa da a ke kira zango, da gidajen siminti, da makarantu, da makabarta. Wurin da aka ce za a kwana ɗaya, an haifi jikoki a ciki, sunan kuwa bai sake ba.

Haka kuma a Sudan. Mutanenmu da suka bi hanyar hajji a ƙasa sun tsaya neman guzuri a gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna cikinsu, ya buga littafi a kansu a 1995. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a can, amma har lokacin suna lissafta kansu matafiya ne a kan hanya. Ban faɗi wannan domin in yi musu ba'a ba, gama niyyarsu tana da daraja a wurinsu. Na kawo shi domin mu ga yadda gobe ta kan yi tsawo a bakin baƙo.

To, a ce ga samari biyu daga garinmu sun sauka Kumasi rana ɗaya. Mai gida ɗaya ya sauke su a Aboabo, dukansu biyu suka sami aikin dako a kasuwar Kejetiya. Abin da ya fara damun su ba wani babban abu ba ne. Abinci ne: sakwarar rogo da ayaba wadda a ke haɗiyewa ba a tauna, da ƙullun masara mai tsami da a ke dafawa cikin ganye. Sai kuɗi, sidi, wanda kullum sai sun juya shi zuwa naira a cikin kai kafin su san ko an cuce su. Sai ruwan sama mai zuwa damina biyu a shekara. Sai gaisuwa. A ƙasar Asante, waɗanda kakanninmu su ke kira Tonawa, in ka iske mutane zaune, daga na hannun damanka za ka soma miƙa hannu ka bi zuwa hagu, ko da babban yana tsakiya. In ka je gidan mutum zai ba ka wurin zama, ya ba ka ruwa, sa'an nan ya tambaye ka abin da ya kawo ka, ko da shi ne ya aika a kira ka. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wulakanci ne. Gaskiyar Hausawa da suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Na farkon ya ce, "Ni ba zama na zo yi ba. In na tara kuɗin sa biyu, gobe zan koma gida." Saboda haka bai koyi harshen Twi ba sai na ciniki. Ba ya fita zango sai don aiki. A zango kuwa ba abin da ya rasa, akwai koko da ƙosai da safe, akwai tuwo, akwai tsire, kowa na jin Hausa. Na biyun ya ce, "Ban san ranar tafiyata ba, bari in san inda na ke." Ya yi ta ɓata harshe yara suna yi masa dariya har bakinsa ya faɗa. Ranar Asabar da uwar mai rumfar da ya ke yi wa dako ta rasu, ya nemi baƙin zane ya je, ya gai da mutane daga dama, ya ba da gudummawarsa aka rubuta. A ƙasar nan makoki babban sha'ani ne, ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Wane ne mai hikima cikinsu? Kada mu yi saurin yanke hukunci, gama na farkon yana da hujja, hujjarsa kuwa mai nauyi ce.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da doka, ta ce dukan baƙon da ba shi da takardar izinin zama, ya same ta cikin mako biyu ko ya bar Gana. Mutane dubu ɗaruruwa suka fita, mafi yawansu 'yan Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar da a ke kira Burkina Faso yanzu. Waɗanda suka gina gidaje suka sayar da su da araha. Masu kula da gonakin koko bisa ga tsarin abusa, watau a raba amfani kashi uku mai kula ya ɗauki ɗaya, suka bar aikinsu a tsakiyar kaka. Akwai waɗanda aka haifa a can, aka ɗora su a mota zuwa garin da ba su taɓa gani ba. Tsofaffinmu da suka ga wannan su kan ce, "Ka gani? Baƙo raɓa ne. Wanda ya ajiye kayansa a ɗaure, shi ne ya fita da sauƙi." Mu ma ba mu da bakin zargi. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita daga Nijeriya, har jakar nan mai zane-zane ta sami sunan da mu ke kiranta da shi har yau.

Na yarda da wannan duka. Duk da haka ina ganin na biyun ne ya fi gaskiya, ga kuwa dalilina.

Maganar nan, gobe zan koma, ba a kan ranar tafiya kaɗai ta ke aiki ba. Tana aiki a kan halin mutum yau. Wanda ya sa a ransa ba za a gan shi baɗi ba, ya kan yi aiki irin na wanda ba za a gan shi baɗi ba. Magini ya rage siminti. Mai gadi ya yi barci. Mai cin bashi ya ce ai kafin a neme ni na ƙetare. A gida ba zai yi haka ba, gama akwai kawunsa, akwai surukai, akwai sunan gidansu. A baƙunci ba mai saninsa, kunya ta ragu, maganar gobe kuwa ta ƙarasa kashe sauran. Na sha jin mutanen kirki suna cewa, "Ai can wurin nema ne, ba wurin zama ba," kamar dai akwai wata ƙasa a duniya inda amana ba ta zama wajibi ba. Wanda zai biya kuwa shi ne yaron garinmu da zai zo bayansa neman aiki a wannan rumfa.

Sa'an nan mu duba abin da kowannensu ya yi hasara in korar ta zo. Na biyun zai bar ɗaki da 'yan kaya, abin da zafi. Amma ya fita da harshe, da sana'a, da mutanen da za su riƙe masa amana ko su tsaya masa a gaban hukuma. Na farkon ya fita da ƙunshinsa lafiya lau, amma shekara goma sha biyar ɗin da ya yi yana jiran gobe fa, wa zai mayar masa? Bai zauna can ba, bai kuwa zauna nan ba. Mai karatun Littafi zai tuna da wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, a sura ta 29. Waɗansu suna faranta musu rai da cewa komowa ta kusa. Shi kuwa ya gaya musu shekarun suna da yawa, ya shawarce su su kama zama da aiki a inda su ke. Bai ce su manta da garinsu ba.

Batun takarda ma a nan ya ke. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya izini ya shiga Gana ba biza, ya yi kwana 90. Bayan wannan sai da izinin zama. Mai cewa gobe ba ya neman takarda, don a ganinsa kuɗin banza ne. Kwana 90 su zama shekara tara, yana ganin ɗan sanda yana sake hanya, in an hana shi ladan aikinsa ba shi da bakin kai ƙara.

Akwai wani nauyi kuma da ya shafi masu karanta wannan jarida musamman. A Gana in an ce Bahaushe, Musulmi a ke nufi. Ɗan'uwanmu mai bi da ya sauka zango zai iske masu harshensa ba masu sujadarsa ba ne, in ya shiga majami'a kuma ya iske ana wa'azi da Twi, ana kallonsa ana mamaki. Baƙunci biyu ke nan a kan mutum ɗaya. In ya ce ba zai koyi harshen ba don tafiya zai yi, sai Lahadi ta zama ranar wanki. In kuwa ya raina maƙwabtansa na zango, waɗanda suka sauke shi suka nema masa aiki, ya zama butulu. Dole ya iya zama da duka biyu, wannan kuwa ba aikin mai kwana ɗaya ba ne.

Kada wani ya ce ina koyar da a bi kowace al'ada ido rufe. Gaisuwa daga dama, da launin zanen makoki, da irin abinci, waɗannan ladabi ne, koyonsu bai rage kowa da kome ba. Amma in an ce a wurin aikin nan kowa ya kan ɗan taɓa kayan mai gida, ko a ce kowane namiji a nan yana da wata mace ban da ta gida, wannan ba al'adar ƙasa ba ce, gama mutanen kirki na ƙasar ma ba su yarda da shi ba. Abin mamaki, sau da yawa wanda ya ƙi koyon gaisuwar mutane don kada ya ɓace, shi ne ya kan fara koyon waɗannan.

Saura maganar gida, ita ce kuwa ta fi ci mini rai. Kakanninmu in sun tafi Gwanja, labari sai wani ayari ya komo. Yanzu waya tana aljihun kowa, amma ƙaryar ba ta ragu ba. Akwai mata a unguwanninmu da a ke gaya wa "bayan kaka ina nan tafe" shekara biyar a jere. Ba a ɗauke ta ba, ba a sallame ta ba, ba a gaya mata ta shirya zaman shekaru ba. Tana gidan surukai tana jira, gona tana hannun ƙane, yara suna girma. Mijin ba lalle mugu ba ne. Shi kansa ya gaskata maganar, shi ya sa bai kama ɗakin da zai isa iyali ba, bai kuma aiko da kuɗin da zai isa a yi wani abu mai ɗorewa a nan ba. Da ya zauna ya yi lissafi tsakaninsa da Allah ya ce mata, "Shekara huɗu zan yi, ga abin da zan riƙa aikowa kowane wata, ga lokacin da zan zo ganin gida," da ta san abin da za ta yi da kwanakinta.

In kuwa ya ɗauke su suka bi shi, to, sai ya shirya wa wani abu kuma. Hausar yaran zango ba ta rarrabe mace da namiji. Wata rana zai kawo ɗansa Nasarawa ganin dangi, yaron ya dubi kakarsa ya ce, "Baba, tsohuwan nan ya ce in zo in ci tuwo." Tsakar gida za ta fashe da dariya, tsohuwar kuma za ta riƙe baki ta tambayi ɗanta ko wannan wane irin yare ne ya koya wa jikanta.