Hukuncin Neman A Sake Duba Takardar Wanda Ya Faɗi Jarrabawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai hukunci da adalci, wanda ba Ya mantuwa kuma ba Ya kuskure. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan aka kafe sakamakon jarrabawa, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, gidaje sukan kasu biyu: wani gida ana guɗa, wani kuwa ko tukunya ba a ɗorawa. Abin ya fi tsanani a jarrabawar samun takardar sana'a, irin ta malaman makaranta da malaman jinya da ungozoma, da kuma gasar shiga aikin gwamnati, domin wannan takarda ita ce abincin mutum da na iyayensa, waɗanda wataƙila sai da suka sayar da hatsi da bisashe kafin ya gama karatu. A irin wannan lokaci akan yawaita tambayar malamai: wanda ya faɗi, alhali yana ganin bai cancanci faɗuwa ba, ya halatta ya kai kuka a sake duba takardarsa, ko kuwa yin haka rashin yarda ne da ƙaddara?

Amsa ita ce ya halatta, bisa sharaɗi uku: ya kasance yana da hujjar da za a iya bincikawa, ya bi ta ƙofar da doka ta buɗe, kuma ya ƙudurce a zuciyarsa cewa zai karɓi gaskiya ko da ta faɗo a kansa.

Neman haƙƙi ba ya karo da ƙaddara

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallama bayan raka'a biyu a sallar da take raka'a huɗu. A cikin sahu akwai Abubakar da Umar, amma kwarjinin Annabi ya hana su magana. Sai wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini ya tambaya ko an rage salla ne, ko kuwa mantuwa aka yi. Annabi bai tsawata masa ba. Ya juya ga jama'a ya nemi shaidarsu, suka gaskata mutumin, sai ya cika raka'a biyun da suka rage, ya yi sallama, sannan ya yi sujada biyu. Wannan hadisi yana cikin hujjojin malamanmu na Malikiyya a kan sujadar ba'adi.

Ku duba abin da ke cikin wannan ƙissa. Zul-Yadaini ya yi magana a kan lissafi, abin da kowa zai iya ƙidayawa. Ya yi ta da ladabi, har ya bar wa wanda yake tambaya mafita. Ya yi ta nan take, kafin lokacin gyara ya wuce. Shi kuma mafi darajar halitta ya bincika, ya gyara a gaban jama'a. To, idan an sake ƙidayar raka'o'in sallar da Manzon Allah ya jagoranta, wane malamin gyaran takardu ne zai ce ya fi ƙarfin a sake ƙidayar makin da ya tara?

Malaman tarihin Annabi kuma sun kawo cewa ranar yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, an mayar da wasu samari gida saboda ƙuruciya. An bar Rafi'u ɗan Hadiju ya shiga runduna saboda an shaide shi da iya harbi, aka mayar da Samuratu ɗan Jundubu. Sai aka isar wa Annabi cewa Samuratu yana kayar da Rafi'u a kokawa, daga nan shi ma aka ba shi izini. Yaron bai je ya zauna yana zagi ba, hujja aka gabatar, hukunci ya sake.

Haka nan a cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musal Ash'ari, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa daga baya. Saboda haka wanda ya nemi a duba takardarsa bai fita daga ƙaddara ba. Sababi ya riƙa, kamar maras lafiya da ya tafi wurin likita, kuma abin da binciken ya haifar shi ma ƙaddarar Allah ne.

Kuskure iri biyu ne

A nan ne ya kamata ɗalibi ya natsu. Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin hukuncin da ake warwarewa da wanda ba a warwarewa. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya bayyana cewa ana warware hukuncin alƙali idan ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Amma abin da alƙali ya yi ijtihadi a kansa ba a rushe shi don kawai wani yana da ra'ayi dabam, domin da an buɗe wannan ƙofa, da babu shari'ar da za ta ƙare.

Jarrabawa ma haka take. Iri na farko shi ne kuskuren lissafi da na rubutu. A tsarinmu ana ba da maki bisa 20, kowane fanni kuma da nauyinsa, wani a ninka makinsa sau 2, wani sau 3 ko fiye. Ana rufe sunan ɗalibi a sa lamba, bayan gyara a buɗe, a kwashe maki daga takarda zuwa rajista ko kwamfuta. A kowane mataki ɗan Adam yana iya tuntuɓe: a tsallake shafi ba a gyara ba, a tara maki ba daidai ba, a rubuta mutum bai zo ba alhali ya zo ya sa hannu, ko a musanya masu suna iri ɗaya. Misali, wanda ya ci 14 a fannin da ake ninkawa sau 3, aka rubuta masa 4, ya yi hasarar maki 30. Idan jimillar nauyin fannoni 15 ce, matsakaicinsa ya sauko daga 11 zuwa 9, ya faɗi ke nan bisa laifin alƙalami. Wannan shi ne irin kuskuren da Zul-Yadaini ya nuna, kuma mai irinsa ya kai kuka ba tare da jin kunya ba. Idan ma akwai waɗanda ciyar da su ke wuyansa, yin shiru sakaci ne.

Iri na biyu shi ne auna darajar amsa. Ɗalibi yana ganin sharhinsa ya kai 12, mai gyara ya ba shi 8. Wannan ijtihadin mai gyara ne, kuma a tsarin aikin hukuma da muka gada daga Faransa ba a saba warware ra'ayin kwamitin alƙalan jarrabawa a kan darajar amsa ba, ko da an je kotu. Abin da akan gyara shi ne kuskuren lissafi da saɓa wa ƙa'idar jarrabawa. Kowa kuwa yana ganin kyawun abin da hannunsa ya rubuta. Saboda haka wanda kukansa bai wuce wannan ba, ya nuna wa wani malami amintacce yadda ya amsa tambayoyin, ya saurari gaskiya ko da ɗaci, ya adana kuɗinsa da ƙarfinsa don shekara mai zuwa.

Akwai haƙƙin wasu a ciki

Ya ku bayin Allah, ku sani jarrabawa dabam, gasar shiga aiki da ake kira konkur dabam. A jarrabawa duk wanda ya kai matsakaici ya ci. A konkur kuwa gurabu ƙidayayyu ne, mutum yana iya samun 13 ya rasa, don wasu sun fi shi. Wanda aka shigar ba bisa haƙƙi ba, wani aka fitar, wataƙila maraya ne da ba shi da kowa a Yamai. Ummu Salama ta ruwaito, a Buhari da Muslim, cewa Annabi ya faɗakar da masu kawo masa ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara magana, kuma duk wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, to yankin wuta aka yanka masa.

Bayan wannan akwai haƙƙin jama'a. Takardar ungozoma shaida ce cewa za a iya damƙa mata ran mai haihuwa a ƙauyen da babu likita. Takardar malami shaida ce cewa za a iya damƙa masa ɗiyan Musulmi. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, ramuwar abin da ya ɓata tana kansa. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida ya cancanta.

Don haka neman a duba takarda ta hanyar kai jakunkuna gidan wani da dare, ko ta hanyar wani babba da zai buga waya, haramun ne, ko da an sa masa suna goro ko alheri. Aya ta 188 ta Suratul Baƙara ta hana cin dukiyar juna da ɓarna da miƙa ta ga mahukunta, kuma hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya tabbatar da la'ana a kan mai ba da rashawa da mai karɓa. Wanda ya sami aiki ta wannan hanya ya tuna cewa daga albashin nan zai ciyar da iyalinsa har ya yi ritaya.

Ladubban kai kuka

Da farko, kada a yanke shawara ranar da aka ji labari, lokacin da zuciya ke tafasa. A yi alwala, a yi salla raka'a biyu ta istihara, a shawarci masana. Na biyu, a nemi takardar maki, a zauna a sake lissafi da hannu, fanni bayan fanni. Na uku, a karanta ƙa'idar jarrabawar, a san ofishin da ke karɓar kuka da wa'adinsa, domin haƙƙi da yawa sun salwanta saboda jinkiri. Na huɗu, a rubuta kuka a taƙaice, a ambaci lamba da fanni da abin da ake zaton ya auku, a riƙe kwafi da shaidar an karɓa. Na biyar, a kame harshe. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa, amma aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato. Cewa an sayar da gurbinka, ba tare da shaida ba, a majalisa ko a WhatsApp, ƙazafi ne da za a tambaye ka a kansa.

Ku kuma da Allah Ya ɗora wa amanar gyaran takardu da tara maki, ku ji tsoron Allah. A bayan kowace lamba akwai gida guda. Kada gajiya ko gaggawa ta sa ku tsallake shafi. Wanda ya zo da kuka cikin ladabi, kada ku ɗauke shi maƙiyi, ku buɗe rajista ku duba. Gyara kuskure ba ya rage darajar mutum, tun da bai rage ta Manzon Allah ba.

Idan an duba, faɗuwa ta tabbata

To, a nan ne wurin haƙuri. Aya ta 216 ta Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa mutum yakan ƙi abu alhali alherinsa yana ciki, domin Allah ne Masani. Wanda aka nuna wa makinsa ya ga inda ya gaza, ya sami abin da ba shi da shi jiya, wato sanin wurin da zai gyara. Ya koma ga littafinsa tun yanzu, kada ya jira sai saura wata guda. Iyaye kuma ku sassauta. Kada ku tara wa ɗiyanku zafi biyu, na faɗuwa da na gori, domin gori ne ke tura yaro ga neman haramtacciyar hanya. Arziki yana hannun Allah, bai rataya ga takarda guda ba.

Ya Allah, wanda aka tauye wa haƙƙi Ka mayar masa da haƙƙinsa. Wanda ya gaza Ka buɗe masa basira, Ka musanya masa da mafi alheri. Ka tsare mu da ɗiyanmu daga cin haram, Ka ba shugabanninmu da malamanmu ikon riƙon amana, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Ka sa mu ci babbar jarrabawa, ranar da za a ba kowa littafinsa, babu kuskuren lissafi kuma babu ɗaukaka ƙara.