Ko mai minshari yana da alhaki?

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa an ɗauke wa mai barci alƙalami, ba a kama shi da laifi sai ya farka. Amma akwai wani irin minshari da ke sa a sake duban wannan magana: mutum ya yi ta gurnani, sai ɗif numfashi ya ɗauke, can ya zabura kamar an shaƙe shi. Likitoci na ɗaukarsa cuta idan numfashin na tsayawa sakan 10 ko fiye, sau 5 zuwa sama a awa guda. Idan ya kai sau 30, ya yi tsanani. Dalilin kuwa a maƙogwaro yake. Daga bayan hanci zuwa maƙoshi babu ƙashin da ke tokare hanyar iska, tsoka ce ke riƙe ta a buɗe, barci kuma na sa tsokar ta saki. Idan kitse ya taru a gindin harshe da gefunan maƙogwaro, hanyar da ma ta ƙuntata, sai ta rufe gaba ɗaya. A 2020 Richard Schwab da abokan aikinsa a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun nuna cewa idan masu ƙiba suka rage nauyi, raguwar kitsen harshe ce ta fi tafiya tare da sauƙin cutar. Tumbi ma na danne huhu. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki gida uku ya bar kashi ɗaya don numfashi, ya zauna daram a nan.

Ra'ayina shi ne alƙalamin da aka ɗauke wa mutum da dare yana kansa da rana, kuma da rana ake tara kitsen. A Funtua da Malumfashi wanda ya bar fartanya ya zama dillalin masara a kasuwar Dandume, ya sayi mota, wuyansa ya cika, ce masa ake yi hutu ya karɓe shi. Ni'ima ce, babu musu. Sai dai ni'imar da ke jawo hawan jini, ta sa mutum gyangyaɗi ana huɗubar Juma'a, ta sa asuba ta riƙa kuɓuce masa, ta cancanci a binciki yadda ake riƙonta, tunda jiki amana ne.

Wani zai ce ai cuta ƙaddara ce. Haka ne, kuma akwai siraran mutane masu wannan cuta saboda ƙaramin muƙamuƙi ko toshewar hanci, waɗanda ba cin abinci ya jawo musu ba. Amma da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, bai ga ya fita daga ƙaddara ba. Neman magani a cikinta yake. Wani kuma zai ce maganar ƙiba izgili ce a jihar da yara ke fama da tamowa. Wannan ta fi nauyi, sai dai yunwar wani gida ba ta buɗe maƙogwaron mai gidan da ke maƙwabtaka. Ga kuma direban tirela a hanyar Funtua zuwa Zariya: idan barci ya sace shi a kan sitiyari, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba.

Alhakin yana farawa ne daga ranar da mutum ya sani. Na'urar hura iska da Colin Sullivan ya fito da ita don masu wannan cuta a Ostareliya a 1981 tana buƙatar wuta dare farai, abin da gidaje kaɗan ke da shi, kuma cire belu wurin wanzami ba ya taɓa kitsen harshe. Rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine kuwa suna hannun kowa. Matsalar ita ce mai cutar ba ya jin kansa. Uwargida da amarya ke ji, kowacce ranar girkinta, kunya kuma kan hana su cewa, "Alhaji, numfashinka na tsayawa, a je asibiti." A ganina kashin farko na alhakin yana wuyansu, na biyu yana wuyan mijin da za a faɗa wa ya ɗauka raini ne.