Kowa Ya Tuna Bara Bai Ji Daɗin Bana Ba

Yaran yanzu sun sami maganin tsofaffi. Da zarar dattijo ya ce "a zamaninmu", sai a tari numfashinsa da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Maganar ba ta buƙatar fashin baƙi, manomin da rumbunsa ya cika ba ya zaman lissafin damunar da ta wuce. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda na ji an yi amfani da ita kwanan nan a wani gida a unguwar Bagadaza da ke Gombe, a kan langa.

An gyara gidan, an sa tayil, saura ɗakin tsohuwa. Ɗan gwangwan na tsaye a ƙofa da ma'auninsa, jikanta har ya fito da kwanuka. Jikan ya ce, "Haba Dada, me za ki yi da wannan tarkace? Kowa ya tuna bara fa." Ta ce, "Mayar min da kayana, mijin banza. Da tarkacen nan aka ciyar da ubanka."

Langa ce fara mai jan fure, bakin kowace ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya leƙo. An yi mata jeren ne a Jekadafari shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wato 1973. Ita ba ta riƙe shekarar da lamba ba, ta dai san da fam aka yanka sadakinta, da naira aka biya. Har yau akwai kwabo mai huji ƙulle a tsumma cikin langar ƙasa.

Da aka ce ta faɗi amfanin kayan, sai ta shiga ƙirga waɗanda babu su. Biyu mafi kyau sun tafi a 1984, shekarar fari da layin sayen shinkafa da madara da sabulu zamanin Buhari da Idiagbon. Mai gida ya fita tun asuba, bai bar kuɗin cefane ba, ita kuma ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta aika aka kira dillaliya bayan magariba, ta naɗe su a zane don kada kishiya ta gani, aka sayo dawa tiya huɗu. Da dare mai gida ya ci tuwo bai tambayi inda aka samo ba, ita ma ba ta faɗa ba har ya koma ga Allah. Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ɗauka kayan jere ado ne kawai. Dukiyar mace ce ta kanta, miji ba shi da iko a kai, kuma ita ce ake taɓawa idan asiri na neman tonuwa. Wasu ukun kuma ta sa su cikin kayan ɗakin 'yarta ta fari, wadda bikinta ya zo daidai da murnar da aka yi lokacin da Abacha ya cire Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ɗaya maƙwabciya ta ara ranar suna, shiru kake ji. Ta ce ta yafe, amma ta faɗi sunan matar da na mijinta.

To ina rashin jin daɗin bana a nan? Karin maganar tana magana ne a kan mai ƙorafi, wanda bara ta hana shi ganin alherin da ke gabansa. Hajiyar da ta ajiye butar da ta zo da zamzam a ciki ba kuka take yi da bana ba. Shi kansa jikan mai wa'azin, wayarsa cike take da hotunan sallar bara.

Sai dai in na ce yaron ba shi da gaskiya ko kaɗan, na zalunce shi. Mutanen gidan sun ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan abinci suka tashi, Dada ta fi yawan buɗe adakarta da ba da labarin araha. Akwai kuma tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kaduna da ke riƙe da katin aikinsu shekaru bayan an rufe ƙofa. Waɗannan kam bana ce ta ƙi daɗi, katin kuma ba ya hana su kwana da yunwa. Wani ajiyar shaida yake yi, wani kuma mafaka ya samu, kuma ban san yadda za a raba su daga waje ba. Watakila ita ma tsohuwar duka biyun take yi.

Abin da na tabbata shi ne labarin dillaliyar nan yana bakin mutum ɗaya ne. Ranar da Dada ta faɗi ta mutu, magada za su ga tsohon ƙarfe, ɗan gwangwan kuma kilo zai auna ya biya. In akwai irin wannan ɗaki a gidanku, ku ja tabarma ku tambayi mai shi labarin kowane kwano tun tana iya ba ku amsa.