Giyar Da Aka Ajiye Ta Daɗe: Shin Shekaru Na Sauya Hukuncinta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Faransa akwai mutanen da sana'arsu ita ce ɗanɗana giya. Sukan zuba farar giyar inabi, irin ta yankin Bargandi, a kofin gilashi, su dubi launinta, su shinshina, su kurɓa su juya ta a baki, sa'an nan su tofar. Da haka suke yanke cewa wannan kwalba za ta kai shekara 10 ko 20 a ɗaki mai sanyi da duhu tana ƙara daraja. Abin da suke nema shi ne tsami mai ƙarfi, domin shi ke riƙe ta, launinta ya tashi daga fari-fari ya koma ruwan zinariya.

Matasa Musulmi masu aikin otal a Turai sukan faɗa cikin wannan, har wani ya ce ai shi ba ya haɗiyewa. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida nisanta ta yi umurni da shi, kuma wanda ya cika bakinsa da abu bai nisance shi ba. Hadisi ya la'anci mutum 10 game da giya, har da mai matsa ta, da mai ɗauka, da mai sayarwa, alhali waɗannan ba lalle su sha ba. To, ina ga wanda harshensa ne ke yanka mata farashi?

Daɗewa kuwa ba ta tsarkake ta, muddin tana sa maye. Tsada ma haka.

Abin mamaki shi ne, abin da ɗan ɗanɗano ya fi tsoro shi ne ƙofar halas ɗinta. Idan iska ta shiga kwalba, wasu ƙananan halittu sukan mayar da sinadarin maye ya zama khal. A wurinsa ta lalace. A wurin malaman fiƙihu ta tsarkaka, kuma sun haɗu a kan haka matuƙar da kanta ta juya. In da gangan aka juyar da ita, Hanafawa sun halatta, Shafi'awa da Hambalawa sun hana idan an jefa wani abu a ciki, mashhurin zance a mazhabar Maliku kuwa shi ne khal ɗin mai tsarki ne, ko da yake an yi saɓani kan aikin kansa. Masu hani sun kafa hujja da Abu Ɗalha, Allah Ya yarda da shi, wanda ke riƙe da giyar da wasu marayu suka gāda. Ya nemi izinin mayar da ita khal, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya umurce shi ya zubar, duk da kasancewarta dukiyar marayu.

Allah ne Mafi sani.