Tsiraici, kunya da iyakar doka

Shin ya kamata doka ta bar mutum ya fita tsirara a bainar jama'a in ya ga dama? A wasu ƙasashen Turai tambaya ce da ake kaiwa har gaban alƙali. A Faransa akwai unguwa guda a Cap d'Agde, a bakin teku, da aka keɓe wa masu son zama ba tufa, alhali dokar ƙasar tana hukunta wanda ya tilasta wa jama'a ganin al'aurarsa. A Barmu kuwa, ko a cikin birnin Tawa, wanda ya yi wannan tambaya a kasuwa sai a dube shi a ce Allah ya ba shi lafiya. Duk da haka tambayar ba ta wofi ba ce, domin tana ɗauke da wasu biyu da suka shafi kowa: a ina tsiraici yake farawa, kuma wane ne yake da ikon hukunta shi?

Wanda ya lura da zaman mutanen arewacin Adar zai ga cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma tun daga lokacin dubban maza da mata suna kallon ƴan kokowa ƙirji a buɗe, cinya a waje, ba wanda ya ce an ci mutuncinsa. Da ɗan kokowar nan zai shiga zauren suruki da wannan shiga, da abin ya zama abin faɗi. Mai jego tana shayar da jinjirinta a bakin rijiya, ba a kallonta sau biyu. Ba'abzine kuma, wanda ake cin kasuwa ɗaya da shi, yana jin kunyar buɗe bakinsa a gaban surukinsa, sai ya ƙara jan amawali. Malaman Malikiyya sun iyakance al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa, amma al'ada ta ɗora nata a kai: dattijon da ya fito taro ba hula, a idon tsaransa bai gama shiri ba. Ashe wuri, da shekaru, da wanda ake gabansa, duk suna da hannu cikin abin da ake kira tsiraici.

Daga nan masu neman a halatta shi suke ɗauko hujjarsu. Suna cewa tun da ma'aunin yana sauyawa daga gari zuwa gari, ai ɗabi'a ce kawai. Jiki na mai shi ne, kuma ganinsa bai taɓa fasa wa kowa kai ba. Hujjar tana da rauni a wuri ɗaya. Kasuwa da titi da bakin makaranta mallakar kowa ne. Wanda ya tafi Cap d'Agde ya zaɓa da kansa, amma uwar da ta riƙo hannun ɗiyarta za su sayi gero ba a nemi yardarta ba. Sauyawar ma'auni kuma ba ta nufin babu ma'auni: gaisuwa ma ta bambanta tsakanin Adar da Damagaram, amma ko'ina an san wanda ya wuce bai gaisa ba. Saboda haka doka tana da gaskiya in ta hana mai hankali ya tuɓe da gangan a inda mutane ba su da hanyar kauce masa. Dokar laifuka ta Nijar ta 1961 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya keta kunya a bainar jama'a, ta kuma bar wa alƙali aikin tantance abin da ya faru.

Sai dai a nan ya kamata doka ta tsaya. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kunya da ido take aiki, tana duba wuri da lokaci. Doka kuwa da mudu take awo, kuma ranar da aka ba ta aikin auna tsawon zane ko faɗin riga, to an buɗe ƙofar da ba a san mai rufe ta ba. Tarihin ƙasar nan ya nuna inda abin yake kaiwa. A farkon shekarun 1990 an yi ta tsangwamar ƴan mata masu sa bujebuje a wasu garuruwa, ana ɗora musu laifin ƙarancin ruwan sama. A Nuwamba 2000, sa'ad da aka kawo Yamai bikin nunin tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya fara a Tigidit a 1998, wasu ƙungiyoyin addini sun ce bikin tsiraici ne. Suna da haƙƙin faɗin haka. Amma zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tarzoma, a Maraɗi aka auka wa mashaya da majami'u da gidajen mata masu zaman kansu, mutanen da ba su da hannu cikin bikin, har gwamnatin Tanja Mamadu ta rushe wasu ƙungiyoyin. An fita da sunan kare kunya, aka dawo an tozarta marasa ƙarfi. Haka nan taron da ya kama ɓarawo ya tuɓe shi yana zagaya gari da shi: laifin da doka ta hana, shi suka aikata da hannunsu.

Wannan kuskure bai da ƙasa guda. A 2016 wasu garuruwan bakin teku na Faransa sun hana mata Musulmi shiga ruwa da tufar da ta rufe jiki duka, sai da babbar kotun mulki ta ƙasar ta dakatar da irin wannan umarni a watan Agusta na shekarar. Can an ce mace ta rufe da yawa, nan an ce ta buɗe da yawa, amma hannun da ke riƙe da mudun iri ɗaya ne, kuma a jikin mace ake gwada shi.

Harshen Hausa kansa ya nuna wata hanya. Kalmar sutura tana nufin tufa, tana nufin kare mutunci, da ita kuma ake faɗin yi wa mamaci hidimarsa ta ƙarshe. Rufin asiri shi ne abin da kowa yake roƙo. Huntu kuwa, a bakin Bahaushe, wanda ya rasa ne. In aka duba gaskiya, tsiraicin da ake gani a titunan Adar ba na masu neman ƴanci ba ne: na mai taɓin hankali ne da danginsa suka gaji, da na almajirin da rigarsa ta mutu a jikinsa cikin hunturu. Waɗannan ba su da abin kaiwa gaban alƙali. Abin da aka gada game da su shi ne, wanda ya fara gani ya cire mayafinsa ya rufa.

Don haka amsar tana da rassa biyu. Kada doka ta halatta tsiraicin ganganci a wurin kowa, kada kuma ta miƙa wa wani, hukuma ce ko taron gayya, ikon auna tufar mutane. Abin da ya rage tsakanin biyun aikin tarbiyya ne, na iyaye da malamai da ƙungiyoyin al'adu. Yaron da aka koya wa kunya, a koya masa tare da ita cewa kunyar tana hana shi jifan wanda ya gani ba sutura, tana kuma hana shi yaga zanen ɗiyar wani.