Shin Tsoro Shi Ne Biyayya?

Duk inda dattawan ƙasar Ungogo suka zauna hira, a Fanisau ne ko Rangaza ko Bachirawa, kuka ɗaya za ka ji: wai samarin yanzu ba su tsoron uba, ba su tsoron mai unguwa, balle ɗan sanda. Kukan nan da gaskiya a cikinsa. Amma kafin mu ɗora wa yara laifin duka, ya kamata mu tambayi kanmu, shin me ya sa mutanen da suka yi biyayya?

A zamanin da, ƙasar nan gonaki ne ƙafa da ƙafa, ana kai musu taki daga birni bisa jakuna. Saurayi yana cikin gandun ubansa, ya yi masa noma tun da sassafe, sa'an nan ya juya ga 'yar gayaunarsa. Uba kuwa shi ke ciyad da shi, shi ke biya masa haraji, in lokaci ya yi shi zai yi masa aure. Ashe bulalar da uba ke riƙe da ita a hannun dama, akwai damin gero a hagu. Yaro ya jure dukan domin ya san mai dukan ba zai bar shi da yunwa ba, kuma gonar nan wata rana tasa ce.

To, yau fa? Birnin Kano ya miƙo ƙafa ya haɗiye Rijiyar Zaki da Bachirawa, an yanka gonaki fuloti-fuloti an sayar. Haraji ma tun 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar shi ke fita neman abin karin kumallonsa, wani sa'i har ya taimaki gidan. Uban da ya ce zai hore shi da sanda, da wane ƙarfi? Ba ina cewa talauci ya kankare haƙƙin iyaye ba ne, gama Allah ne ya wajabta shi. Abin da nake nufi, igiyar da ta ɗaure ɗa ga uba ta yi sako-sako, mu kuwa muna ta zargin akuya.

Haka al'amarin hukuma yake. Dogarai da 'yan dokan En'e ba waliyyai ba ne, wanda ya ga karɓar haraji ya san hannunsu da nauyi. Amma ɗan doka ɗan ƙasa ne, an san gidansu, in ya wuce gona da iri akwai hakimin da za a kai wa kuka. A mulkin Janar Gowon aka rushe su aka haɗe da 'yan sandan Nijeriya, sai ya zama mai kama ka baƙo ne, umurninsa daga nesa yake zuwa. Saurayin da bai taɓa gamuwa da shi ba sai a shingen hanya, ana ce masa ya kawo na goro, yaya zai ɗauke shi uba?

Dubi abin da ya faru a 2024. Ran 1 ga Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, a Kano aka yi ɓarna da wawaso, wanda babu mai hankalin da zai yaba. Aka kama mutane da yawa. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗansu a kotu a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, waɗansu suka faɗi sumammu a gaban alƙali, sai daga baya Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Yaran nan sun koyi tsoro, wannan ba shakka. Amma girmama hukuma fa, sun koya?

Wani zai ce yaran yanzu dai sun ƙi bin kowa. Ban yarda ba. Je ka garejin makanikai ka ga yadda yaro ke rawar jiki gaban maigidansa, ko ka dubi almajiri gaban malaminsa. Kai, ko 'yan daba, da muke tir da su, suna da babba wanda ba a ƙetare maganarsa. Me ya sa? Domin shi ne ke zuwa beli in an kama ɗayansu, shi ke sayen magani in an sare shi. Abin takaici ke nan, a ce ɗan daba ya gane abin da uba da mai unguwa da baturen 'yan sanda suka manta, har yaro ya gwammace ya kai kukansa can.