Idan Aiki Ya Ƙetare Teku, Wa Ke Ɗauke da Hakkin Injiniya?

'Yan'uwa, a cikin waɗanda muke haɗuwa da su a Misa ran Lahadi akwai samari da 'yan mata da suka karanta aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, akwai kuma iyayen da suka sayar da gero da awaki domin su biya musu kuɗin makaranta. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar fasaha a Babura a shekarar 2021, yawansu sai ƙaruwa zai yi. Saboda haka ya kamata mu yi tunani a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a duniyar aiki, watau kamfani ya ɗauki aikin da injiniyoyinsa suke yi ya miƙa wa wani kamfani a wata ƙasa, inda za a yi masa shi da araha.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a shekarun 1990, sa'ad da kamfanonin Amurka da Ingila suka riƙa tura aikin rubuta manhajar kwamfuta zuwa Indiya, musamman birnin Bangalore. Zane da lissafi ba sa bukatar mota ko jirgin ruwa, intanet tana kai su ko'ina cikin ƙiftawar ido. Injiniyan da ya tsufa a kamfani guda sai ya wayi gari an sallame shi, wani lokaci ma bayan an sa shi ya koya wa wanda zai gaje shi.

Mu a nan, abin yana taɓa mu ta gefe biyu. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Kazaure, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilarsa a 2021. A manyan kwangiloli irin wannan, sau da yawa babban zane da yanke shawara suna hannun baƙi, namu kuwa suna bakin awo da sa ido a kan lebura. A ɗaya gefen, yaro daga Roni ko Gwiwa da ya iya kwamfuta yana iya zama a ɗakinsa ya yi wa kamfanin Turai aiki, a biya shi da dala. Wannan alheri ne, ba za mu raina shi ba. Amma mu tuna da kamfanin Andela, wanda ya soma aiki a Legas a 2014 yana horar da matasa yana haɗa su da kamfanonin waje. A watan Satumba na 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, domin masu ba shi aiki ƙwararru suke nema. Aikin da araha ta kawo, ranar da aka sami wanda ya fi araha ko ya fi gwaninta, zai tashi ba sallama.

To, laifi ne mai kamfani ya nemi sauƙi? A ganinmu tafiyar aiki daga ƙasa zuwa ƙasa ba zunubi ba ce. Kakanninmu fatake ne, har gobe mutanenmu suna zuwa cin rani, kuma injiniyan Indiya yana da 'ya'ya masu jin yunwa kamar na injiniyan Amurka. Inda gizo ke saƙar shi ne, a tsohon tsari maigida ya san yaronsa. Maƙeri ko magini yakan ɗauki yaro, ya haƙura da ɓarnar da zai yi yana koyo, ya duba shi in ya kwanta ciwo, har ranar da zai yaye shi. A sabon tsari kuwa, mai biyan kuɗi yana London, ɗan kwangila yana Legas, mai yin aikin yana Babura, kowa yana cewa ba shi ya ɗauke shi ba. Ba fansho, ba kuɗin asibiti, ba kuma mai niyyar ɗaukar asarar koyar da sabon shiga. Kowa gwani yake so, alhali kuwa gwani sai da ya yi kuskure a gaban wani kafin ya zama gwani.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya hango wannan a wasiƙarsa Laborem Exercens ta 1981. Ya koyar cewa ma'aikaci yana gaba da jari, ya kuma bambanta mai ba da aiki kai tsaye da mai ba da aiki daga nesa, watau gwamnatoci da manyan kamfanoni waɗanda shawararsu ke yanke albashin mutumin da ba su taɓa gani ba. Bisa ga wannan koyarwa, nisan teku ba ya sauke wa kowa nauyi. Kamfanin da ya ci ribar arahar injiniyan Kazaure yana da rabo a hakkinsa. Gwamnati ma haka, gama ita ce ta kafa doka ta biyar ta shugaban ƙasa a 2018, wadda ta ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin injiniya, kuma ita ya wajaba ta tsaya a kan cika ta.

Mu ma masu ba da aiki ne, ko da yake ƙanana. Sa'ad da majalisar Ikilisiya ta tashi gina aji, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko sa wutar sola a ɗakin shan magani, mukan aika Kano a zo mana da ɗan kwangila da zanensa a shirye, yayinda injiniyan da muka yi wa baftisma yana zaune a cikin mawaƙa ba aikin yi. In muna tsoron bai ƙware ba, sai mu rubuta a cikin yarjejeniya cewa ɗan kwangilar zai ɗauke shi ya yi aikin tare da shi daga tushe har rufi, a kuma biya shi.